Don Eulogio da Neman Kompadre a Babbar Sin

Kowace safiya, kafin rana ta fara cizo, Don Eulogio Baquedano yakan raba lemun tsami gida biyu, ya dangwali toka daga murhun matarsa, ya taka zuwa tankin ruwan gari ya goge allon tagullar da ke manne a jikinsa. Ba wanda ya sa shi. Ba kuma wanda ya taɓa hana shi, don in ka tsaya yi masa magana a wurin, to kofinka ya huce a gida.

Allon ba wani babba ba ne. Rubutu iri biyu ne a kansa, namu a sama, na Sinawa a ƙasa, yana cewa tankin kyauta ce daga mutanen Taiwan ga mutanen San Cayetano del Estero. Mu a nan ba mu cika cewa Taiwan ba. Ƙaramar Sin muke cewa, don a bambanta ta da Babbar Sin, wadda a wancan lokaci ba mu san ta ba sai a bayan akwatin rediyo da ƙarƙashin takalmin roba.

Eulogio bai iya karanta rubutun ƙasan ba, amma shi ya fi gogewa. Yakan ce wannan na kompadrensa ne.

Da ƙuruciyarsa masunci ne, mai ɗan kwale-kwale da koma mai faci. In teku ta hana, sai ya shiga laka har gwiwa yana tonon dodon-koɗi a gindin itatuwan bakin ruwa, kamar kowa. A nan Injiniya Liao ya same shi. Liao siririn mutum ne mai malafa, Ƙaramar Sin ta turo shi ya koya mana kiwon jatan lande. Yana cin wake da tortilla, wainar masararmu, sau uku a rana bai taɓa ɓata fuska ba, wannan kuwa ya saya masa farin jini fiye da duk iliminsa. Shi ya nuna mana yadda ake haƙa tafki a filin gishiri, a yi masa ƙofar katako, ruwan teku ya shigo in ya cika, ya fita in ya janye. Eulogio ya samu tafki ɗaya, a ƙarshen layi, wajen da sauro ya fi yawa.

Da matarsa Doña Tránsito ta haifi Yadira, sai Eulogio ya sa farar riga ya je ya roƙi Liao ya riƙe ta a coci. Tsohon Fadan lokacin ya tambayi baƙon ko Kirista ne. Liao ya ce uwarsa tana zuwa coci. Fada bai ƙara tambaya ba, don cocin ma yana jiran famfo daga tankin.

Wanda ya riƙe maka ɗa ranar baftisma ya zama kompadrenka, kuma wannan ba a kwance shi. Ana rabuwa da mata, ana barin jam'iyya, 'yan ciki ɗaya ma sukan daina gaisawa a kan gonar gado. Kompadre kuwa ba a kiran sunansa, ba a ɗaga masa murya, in ya roƙe ka abu ba ka ce masa a'a. Kowa ya san haka. Eulogio dai ya fi kowa ɗaukar abin da nisa.

Liao ya gama aikinsa ya koma gida. Shekaru suka wuce, muna kiwo muna sayarwa a kasuwar Choluteca yadda ta samu. Sai a shekarar da Yadira ta shiga makaranta manyan motoci masu sanyi suka fara shigowa, suna kwashe jatan lande tun daga bakin tafki, da farashin da ba mu taɓa ji ba. Aka ce Ƙaramar Sin za a kai. Masu karanta jarida suka ce wata yarjejeniya ce aka sa wa hannu a Tegucigalpa, babban birni. Eulogio ya saurare su da haƙuri, irin wanda ake yi da yara.

Cástulo mai ƙanƙara, abokin tsokanarsa tun suna tonon dodon-koɗi, shi ya fara taɓa shi a bakin tanki.

"Eulogio, wai da gaske kai ka ɗaura mu da Ƙaramar Sin?"

"Ni ban ce ba. Amma kafin baftismar Yadira, wa ya taɓa sayen jatan landenka?"

"Ni ƙanƙara nake sayarwa, tsohon banza."

"To wa ya taɓa sayen ƙanƙararka?"

"Ai baftismar nan an yi ta tun yarinya ba ta da haƙori. Yau ga ta da jakar makaranta."

"Ƙasar da nisa," in ji Eulogio, ya ci gaba da murza lemunsa. "Abin kompadre ba ya gaggawa."

Da farko Liao yakan aiko da ganyen shayi duk Kirsimeti. Daga baya sai gaisuwa. Daga baya shiru. Eulogio ya ce tsakanin manya ba a bukatar surutu, ga motoci nan suna magana.

Kuma gaskiya tafkin ya yi masa rana. Ya rushe ɗakin ƙasa ya gina na bulo, ya sayi babur, ya yi tumbi. Yadira ta yi karatu, ta auri Wilmer, wanda ya zauna iya abin da ya isa ya bar ta da ciki, sannan ya bi hanyar arewa kamar sauran samarinmu, ya sauka a Houston ta Amurka yana rufin gidajen mutane.

Wata safiya rediyo ya ce gwamnati ta rabu da Ƙaramar Sin, ta ɗauki Babbar. An ce sharaɗin Babbar ke nan, ba ta zama da kowa sai ya sallami waccan. Magajin garinmu, Don Rigo, wanda ya taɓa zuwa Taiwan kwas ya dawo da agogo, ya tara mu a dandali ya ce shi tun asali bai yarda da su ba.

"'Yan'uwa, ku yi tunani," ya ce. "Mutum sama da biliyan! In kowannensu ya ci jatan lande ɗaya tak, guda ɗaya, tafkunanmu ba za su iya ba. Sai mun haƙa har cikin coci!"

Aka tafa. Da tafin ya lafa sai Cástulo ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai, su sun san da maganar?"

Don Rigo ya ce za a amsa tambayoyi a wani zaman.

Ba a jima ba motocin suka fara raguwa. Ƙaramar Sin, wadda ita ma tana da zuciya, ta ɗora wa kayanmu kuɗin fito. Farashi ya faɗi ƙasa warwas. Babban kamfanin da ke bakin titi ya fara aiko da mutuminsa, wani mai jan takalmi, yana tayin ƙananan tafkuna. Maƙwabcin Eulogio na hagu ya sayar. Na dama ya sayar, ya sayi tikitin arewa. Da mai jan takalmi ya iso ƙarshen layi, Eulogio ya ba shi kujera da kofi, ya ce masa ya gai da gida.

Mun ɗauka zai fito ya zagi gwamnati saboda kompadrensa. Wasu ma har sun kama wuri a bencin dandali. Amma ya shige gida kwana biyu, da ya fito kuwa fuskarsa a sake take, irin ta wanda ya gano inda ruwa ke yoyo.

A lokacin Yadira ta sauka, an sami namiji, Nando. Doña Tránsito ta riga ta ɗinka farar rigar baftisma. Da aka zauna cin abinci sai Eulogio ya ce a ninke ta tukuna.

"Gwamnati ta yi nata a takarda," ya ce. "Takarda ba ta cin jatan lande. An ƙulla zumunci, amma wa ya riƙe ɗan wa? Ba kowa. Shi ya sa babu mota. Yaron nan ba za a zuba masa ruwa ba sai wani daga Babbar Sin ya riƙe shi."

Doña Tránsito ta ajiye ludayi.

"Kai dai tsufa ta ka ya zo maka. Jariri ba baftisma, a garin nan mai idanu? Ko ƙofa ba na son a leƙa da shi."

"Ki ɗaura masa jan zare a hannu."

"Na ɗaura. Kai ne ban san inda zan ɗaura maka ba."

"Baba," in ji Yadira, "Wilmer ya ce yayansa yake so."

"Yayan Wilmer jatan lande nawa zai saya? 'Yata, wannan rufin da ke kanki baftismarki ce ta yi shi. In tafkin nan ya tafi, me zan bar wa Nando? Komar da ta ruɓe?"

A wannan wurin kam yana da gaskiya. Tafkin shi ne duk abin da yake da shi.

Washegari ya sayo ɗan talotalo na walimar baftisma, ya sake shi a tsakar gida. Cástulo ya leƙo ta katanga ya raɗa masa suna Jakada, sunan kuwa ya bi shi.

"To ina Liao?" in ji Cástulo. "Kompadre biyu, ba sa ga maciji, a gida ɗaya?"

"Gwamnati aka ce ta zaɓi ɗaya. Ni ba gwamnati ba ne."

Sai labari ya zo cewa tawaga daga Babbar Sin za ta ziyarci garinmu. Don Rigo ya ce jakada ne da kansa. Ya ba da umarni a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a koya wa 'yan makaranta kaɗa jajayen tutocin takarda, a kuma cire allon nan daga tanki kafin baƙi su gani su ɓata rai. Ma'aikatan magajin gari suka zo da guduma. Eulogio ya tare su, ya ce ba a taɓa kayan kompadrensa da guduma. Shi ya kwance allon da hannunsa, a hankali, ya kai shi kicin ya rataye kusa da hoton Uwa Maryamu. Gogewar safe ta koma can. Doña Tránsito ta ce aƙalla yanzu toka ba ta nisa.

Tankin dai bai daina ba da ruwa ba. Da alama ba a sanar da shi ba.

Tawaga ba ta zo ba, aka ce ruwan sama ya ɓata hanya. Aka sake shafa farar ƙasa. Ba ta zo ba, aka ce sabuwar shekararsu ce. Tutocin yara suka koɗe. Jakada na tsakar gida ya girma, ya yi wuya ja, ya fara bin mai kawo takardar wuta da gudu. Nando ya yi haƙora, ya fara rarrafe, har ya soma tsayawa da kujera.

Eulogio ya ga bai dace kompadre ya zo ya tarar da tafki fanko ba. Ya sayar da babur, ya zuba sababbin 'ya'yan jatan lande, ya sayi abincinsu. Sauran layin duk ya bushe ko ya koma hannun kamfani, nasa kaɗai ke ƙyalli a ƙarshe. Da ƙafa yake zuwa, cikin ranar nan tamu. Tumbin ya fara komawa inda ya fito.

Ranar da suka zo, ba wanda ya shirya sai shi. Motoci biyu ne. Ba jakada ba ne, mutum uku ne na wani kamfanin saye da sayarwa, da wata budurwa 'yar San Pedro Sula mai yi musu tafinta. Wurin babban kamfanin bakin titi za su, amma Don Rigo ya samu labari, ya jera masu busa da ganga a tsakiyar hanya, dole direba ya taka birki.

Aka fito da su dandali. Don Rigo ya fara jawabi tun daga tarihin gari. Tafinta tana taƙaita kowane dogon zance da kalmomi uku ko huɗu, baƙin suna gyaɗa kai suna duban agogo. Ana cikin haka Eulogio ya ratso taro, sanye da farar rigar nan da ya roƙi Liao da ita, ɗauke da Nando. Ya dubi mutanen uku ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi mai furfura, wanda aka ce sunansa Mista Duan. Ya ɗora masa yaron a hannu.

Mutumin ya karɓa, don in an miƙo maka yaro ba ka barinsa ya faɗi. Ya yi dariya, ya faɗi wani abu.

"Ya ce yaron ɓul-ɓul, abin sha'awa," in ji tafinta.

"Ki ce masa na gode. Ki ce masa ga coci nan, Fada yana ciki, ruwa a shirye. Ba zai ɗauke shi lokaci ba."

Yarinyar ta dube shi.

"Baba, me kake so in ce masa?"

"Ke ba 'yar ƙasar nan ba ce? Kompadre. Ki gaya masa."

Ta yi ta bayani, da hannu da baki. Mista Duan ya saurara, ya yi murmushi, ya amsa gajere.

"Ya ce ya gode ƙwarai, amma shi ba ya addini."

"Ba a ce ya yi ba. Riƙewa kawai. Ki ce masa sauran aikin na Fada ne."

Fada Anselmo, wanda ba irin tsohon Fadanmu ba ne, yana tsaye a ƙofar coci yana jin komai.

"Don Eulogio, mai riƙe yaro sai ya buɗe baki ya ce ya ba da gaskiya. Ka ji abin da mutumin ya ce."

"Fada, ai da yarensu zai faɗa. Wa zai san abin da ya ce?"

"Wanda ake gaya wa zai sani."

"To ka bar su su sasanta tsakaninsu mana."

Fada ya juya ya rufe ƙofa. A daidai nan Nando ya cafke tabaran Mista Duan, kowa ya fashe da dariya, mai hoton magajin gari ya ɗauka. Baƙon ya mai da yaron ga uwarsa, ya sa aka ɗauko wani jan zare mai ƙulli daga mota ya rataya masa a wuya. Doña Tránsito ta ce yanzu jan zare ya zama biyu, ruwa babu.

Eulogio bai karaya ba. Ya sa aka kawo miyar jatan landen tafkinsa. Mista Duan ya sha cokali biyu, ya lumshe ido, ya ce da daɗi. Ya tambayi farashi. Eulogio ya faɗi wanda Ƙaramar Sin take saye. Mutumin ya danna wayarsa, ya juyo da fuskarta ya nuna wa tafinta.

"Ya ce a Ekwado suna samu ƙasa da haka nesa ba kusa ba," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Kuma jirgi-jirgi suke saye. Amma ya ce ƙofa a buɗe take."

Don Rigo ya bi su har mota yana nuna musu tabon da allo ya bari a jikin tanki, yana cewa gari zai yi murna da sabo. Tafinta ta ce an ce za a duba. Suka tafi. Farar ƙasar duwatsu ta fi daɗewa tana bushewa a kan yadda suka zauna.

Hoton ya fito a jarida: Mista Duan da Nando, da hannun yaro a kan tabarau, a ƙasa an rubuta wani abu game da zumuncin al'ummu. Eulogio ya yanke shi ya manna a kicin, a ɗaya gefen Uwa Maryamu.

"Ya riƙe shi," ya ce wa Cástulo. "Ƙasa duka ta gani. Saura ruwa."

"Wato rabin kompadre. To rabin motar yaushe za ta iso?"

"Na farkon ma sai da Yadira ta shiga makaranta."

Jatan lande kuwa ba su san jira ba. Suka isa kwasa, mota babu. Ya ɗebo su a robobi ya tsaya bakin titi, matafiya suna taya yadda suka ga dama. Doña Tránsito ta shanya wasu. Sauran muka ci. Mun ci a miya, mun ci da shinkafa, mun ci a soye da safe, har karnukan unguwa suka fara kau da kai. Da tafkin ya ƙare ba abin da za a sayar a sake zubawa. Rani ya zo, ƙasan ta tsattsage, gishiri ya fito fari fat. Eulogio yana zuwa duk da haka, ya duba ƙofar katako, ya cire ciyawa. Abin da ke dafa tukunyar gidan a lokacin daga Houston yake zuwa duk wata, daga hannun Wilmer. Shi ba a taɓa yi masa allon tagulla ba.

Wata Asabar, Doña Tránsito da Yadira suka ce za su kai Nando Choluteca rigakafi. Cástulo ya ce shi ma yana da sayayya a can, ya sa takalmi sau-ciki, abin da ba mu taɓa gani ba sai a jana'iza. Ban ce an yi wani abu ba. Na dai san ba a zuwa rigakafi da farar riga da kyandir a ƙasan jaka. Na kuma lura tun daga ranar Cástulo bai sake kiran Yadira da sunanta ba, Doña Tránsito ta daina mita, aka cire wa yaro jan zaren hannu. Gari duka ya lura. Mun yi shiru, wanda a San Cayetano ba ƙaramin aiki ba ne.

Eulogio kuwa ya samo sabon abin yi. Ya ce bai kamata allon Babbar Sin ya iso ya tarar ba a yi masa wuri ba. Ya samo ragowar siminti da cokalin gini, ya fara yi wa gurbin baki a jikin tanki, mai ado, irin na hoton aure. Ya ja gefen hagu. Ya fara jan sama da ƙasa. Sai ya tsaya, don bai san faɗin allon ba. Ya je wurin Don Rigo.

"Yallaɓai, awo nake so."

"Awon me?"

"Allon da aka ce za a duba."

"Don Eulogio, na buga waya Tegucigalpa. Suna kan maganar."

"To ka ce musu faɗin kawai. Tsawon na ƙiyasta."

Ya koma ya yi tunani, ya ga ƙasa mai mutum sama da biliyan ba za ta aiko da allo irin na Liao ba. Ya ƙara wa layin sama da na ƙasa taƙi ɗaya. Bayan wata guda ya ji a rediyo ana maganar jiragen ƙasa da tashar jiragen ruwa da madatsar ruwa, ya sake ƙarawa. Duk alkawarin da aka yi a babban birni, mu a jikin tanki muke ganinsa.

Mai jan takalmi ya dawo. Wannan karon tayinsa bai kai na farko ba, ya ce ai tafki ya bushe. Yadira ta roƙi ubanta da hawaye ya karɓa tun ana so.

"In kompadre ya aiko mota ya tarar na sayar, da wane ido zan dube shi?"

"Baba, mutumin nan ko sunanka bai tambaya ba."

"Ai kompadre ba ya kiran suna."

A tsakiyar zafin watan Afrilu aka same shi zaune a gindin tanki, ya jingina, cokalin gini a cinya. Cástulo ya ɗauko shi a keken ƙanƙara. Ya yi 'yan kwanaki a kwance, ba ya cin komai sai ruwan shinkafa. Ya sa aka kawo masa allon Liao kan gado, yana shafa shi da yatsa, tunda lemun ya fi ƙarfinsa. Ranar ƙarshe ya sa aka kira Cástulo. Ya daɗe yana dubansa.

"Takalmin nan sau-ciki ya matse ka ranar, ko?"

Cástulo ya sunkuyar da kai.

"Ba komai. Ka kula da yaron, tunda ka riga ka riƙe shi. Amma ka sani riƙon ƙwarya kake yi, kafin mai shi ya zo."

"Na ji, tsohon banza."

Sannan ya juya wajen matarsa ya ce kada a yanka Jakada.

An yanka shi ranar addu'ar kwana tara, don mutane sun taru kuma ba wani nama a gidan. An dafa shi tun safe har la'asar. Wanda duk ya sa haƙori ya gane tsuntsun ya daɗe yana jira. Don Rigo ya zo, ya yi jawabi, ya ce marigayin gada ne tsakanin nahiyoyi, kuma zai sa a yi masa allo.

Kafin damina Yadira ta sayar wa kamfani tafkin, da abin da suka ga dama. Sun rushe ƙofar katakon, sun haɗe shi da na maƙwabta. Yanzu ba ka gane inda nasa ya fara. Allon Liao yana nan a kicin, ya yi kore, Doña Tránsito ta ce lemun tsami ya yi tsada.

Gurbin kuwa yana nan a jikin tanki. Gefen hagu a gine, sumul. Layin sama da na ƙasa sun miƙe sun bi kwanar tankin, sun tsaya a inda simintinsa ya ƙare. Gefen dama a buɗe yake, ba a kawo awo ba tukuna.